Mazubin da ya dace a saya don tsara gida da wurin aiki a lokacin kaka

Da zarar ruwan sama ya ɗauke a Gombe, wajen watan Oktoba, saura makonni kaɗan iskar hunturu ta fara cusa ƙura ta kowace kafa, kuma a daidai wannan lokaci ne sabon wake da masara da gero suke cika kasuwar Tudun Hatsi har farashi ya sauko. Duk wanda zai sayi abin adana kaya ya kamata ya fara tantance abin da yake gudu, ko ƙwaro ne, ko ɓera, ko ƙura, ko ragowar danshin damina, domin babu mazubi guda da ke maganinsu duka.

Batun hatsi ne ya fi nauyi, musamman wake, wanda ƙwaro ke hujewa cikin 'yan watanni idan an bar shi a buhu na yau da kullum. Buhun PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, yana da leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, kuma ana samun mai ɗaukar kilo 50 da mai kilo 100. Idan aka matse iska aka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin da ke ciki suna shanye ɗan iskar da ta rage su mutu, ba tare da an zuba magani ba. Rauninsa shi ne ɓera ko tsinke na iya huda shi, kuma huda ɗaya ta ɓata aikin. Saboda haka a duba ledojin tun a gaban mai sayarwa, a hura musu iska a ga ko suna riƙewa, sannan a gida a ɗora buhun kan katako nesa da bango.

Durom na ƙarfe mai murfin murɗawa ya fi tsada, amma ɓera ba ya iya masa, kuma yana yin shekaru. Jarka ta fi dacewa da ƙaramin gida, sai dai a cika ta har wuya, kuma kada a kusanci wadda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi a ciki komai arharta. A ganina gidan da ke ɗibar wake kowane mako ya fi morewa da jarkoki uku ko huɗu a kan buhu guda babba, domin buɗewa akai-akai tana mayar da iskar da aka kora. Kowanne aka zaɓa, sai hatsin ya bushe sarai, in ba haka ba zai yi fumfuna. Zuba maganin ƙwari kai tsaye cikin abinci kuwa bai kamata a sa shi a lissafi ba. Ragowar irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya a 2015.

Tufafin da ba a sawa kullum sun fi samun kariya a akwatin ƙarfe ko robar da murfinta ke kamawa. Jakar bakko tana da arha, amma zif ɗinta ba ya daɗewa, kuma ƙura tana ratsa ta.

A ofis ko shago, inda rasidai da takardun bashi da na haya suke taruwa, zaɓin yana tsakanin kabad na katako da na ƙarfe. Na katako ya fi kyan gani, amma bushewar hunturu tana sa ƙofarsa ta karkace, gara kuma tana bin sa idan ƙasan ɗakin bai da siminti mai kyau. Na ƙarfe mai makulli ya fi amfani ga takardu masu muhimmanci, kuma na hannu ma yana biyan buƙata matuƙar aljihunansa suna shiga su fita ba tare da cijewa ba. Mai ƙaramin jari zai iya wadatuwa da fayil na roba mai maɓalli, ɗaya ga kowane wata, a rubuta sunan watan a jikinsa. Rasidin da injin POS ke fitarwa rubutunsa yana gogewa da zafi da daɗewa, don haka a ɗauki hotonsa da waya a ranar da aka karɓe shi, kafin a saka shi cikin fayil.