Wasiƙa zuwa Damagaram: aikin kuran ɗin motar kwana a Faransa

Yaya, ina gaisuwa. A gaishe da Inna da yara da mutanen garaj baki ɗaya.

Ka tambaye ni aikin da nake yi a nan kusa da Liyon, da ko kayansu sun fi namu. Motocin kwana muke gyarawa, waɗanda suke kira camping-car: mota ce mai gado, da wurin girki, da makewayi a ciki. Yawancinsu a kan Fiat Ducato aka gina su, kuma ba sa wuce tan 3.5, don mai lasin ƙaramar mota ya iya tuƙawa. Tsofaffi ƴan fansho ne suka fi saye. Kowanensu kuma yana so ya kunna injin kafe ko na busar da gashi a tsakiyar daji, kamar yana gidansa.

Nan aikina yake. Motar tana da batir biyu, ɗaya na tayar da inji, ɗaya na ɗaki, dukansu volt 12. Injin kafe kuwa volt 230 yake so, sai an saka konbertisar, na'urar da ke mayar da 12 ɗin batir zuwa 230. Ɗauki injin kafe mai wat 1500. A bangon gida wannan bai kai amfiya 7 ba, siririyar waya ta milimita murabba'i 2.5 ta ishe shi. A gefen batir kuwa ka raba 1500 da 12, amfiya 125 ke nan, da abin da na'urar ke ci wa kanta ya doshi 140. Ramin kunna taba na mota 10 zuwa 15 kawai yake ɗauka. Shi ya sa muke jan waya mai kauri ta milimita murabba'i 50 kai tsaye daga batir, gajeruwa iya yadda za ta yiwu, a matse kawunanta da babbar filaya ta musamman, ba murɗawa da hannu a naɗe da salatif ba. Fizibil, abin da ke tsinkewa ya yanke wuta in ta yi yawa, na amfiya 200 yana zama dab da kan batir, tazarar ba ta wuce taki guda ba. Wayar yake tsaro, ba na'urar ba: in fatarta ta goge ta taɓa ƙarfen mota, batir zai zuba ɗaruruwan amfiya nan take, cikin motar kuma duk katako ne da soso.

Sababbin motocin suna da wata matsala da ba ka saba gani ba. Dinamonsu kwamfuta ce ke juya shi, yana rage caji don tsimin gazuwal, don haka tsohon rele mai haɗa batura biyu ba ya cika batirin ɗaki. Sai an sa caja ta musamman tsakaninsu. Ta kamfanin Victron na Holan muka fi sakawa.

Gaskiyar kaya ita ce abin da suka fi mu. In an rubuta 50 a jikin waya, 50 ɗin ce, kuma tagulla ce har ciki. Ka san irin wadda ake kawowa Kasuwar Dole, fata mai kauri, ciki ƴan zarurruka, wata ma alminiyom ce aka shafa wa jan launi. Irinta tana nan ma a intanet, amma shagon kirki ba ya ajiye ta, domin doka ta ba mai saye garanti na shekara 2 a kan sabon kaya.

Hidima kuwa, Allah ya ba Damagaram lafiya. A garajinmu na nan Faransa awa guda ta aiki euro 70 ce, kusan jaka 46, ban da kuɗin kaya. Mutum ya kira a watan Mayu, a ce ya zo bayan makonni, ga hutun bazara ya matso. Kuma ba a gyara. Konbertisar ta ƙone, a cire a sa sabuwa, ba wanda zai buɗe ya nemi abin da ya mutu ya canza shi kamar yadda yaranka suke yi a ƙarƙashin rumfa. Raina yana ɓaci in ga abin da ake zubarwa.

Game da batirin lityom da ka ce in sayo maka don firizar da za ka ɗora wa motar ƙanƙara: yana da kyau, ana cin kusan duk abin da ke cikinsa, na dalma kuwa rabi ake ci in ana so ya daɗe. Mutanen nan damuwarsu sanyi, don ba a cajinsa ƙasa da digiri 0. Mu tamu zafi ce. Motar da ta wuni a rana a watan Afrilu, cikinta ya wuce abin da kowane batir ke so, na dalma ma zafin ne ke cinye shi da wuri. Jirgin fasinja kuma ba ya yarda a shiga da babba irin wannan, sai dai ta ruwa, ko ka duba Kano.

Kafin nan ka aiko min hoton takardar da ke manne a bayan firizar, da tazarar da ke tsakaninta da inda batir zai zauna. Kwamfaresa tana jan ninkin abin da aka rubuta sau da yawa a lokacin tashi, da wannan zan auna konbertisar da kaurin waya. Fizibil da kawunan waya ba su da nauyi, zan ba wa mai zuwa Yamai ya sa maka a motar Rimbo.