Man darbejiya a rumfar furen okid: abin da na gani bayan wata uku

Ina da ƙaramar rumfar leda a bayan gida a Jos, inda nake renon okid, wani furen ado, tukwane arba'in da 'yan kai. Yawancinsu nau'in Phalaenopsis ne da Dendrobium, sai Ansellia africana guda biyu, wadda 'yar asalin Afirka ce, furenta ruwan ɗorawa da ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa. Ba ni kaɗai ke da rumfar ba. Akwai kwaɗi a gindin randar ruwa, akwai kulɓa tsakanin tukwane, akwai ƙoƙi-ƙoƙi, ga wata hawainiya da ta shigo da daminar bara ta ƙi fita. Su ne ke rage min ƙudaje da fara da sauro.

Shekara biyu da suka wuce wani farin ƙwaro ya sauka a rumfar, mai kama da ɓurɓushin auduga, yana maƙalewa a ƙarƙashin ganye da inda ganye ya haɗu da kara. Na je shagon kayan noma aka ba ni maganin feshi mai ƙarfi, irin wanda ake yi wa gonar wake. Na fesa da yamma. Da gari ya waye na tarar da kwaɗi uku a miƙe kusa da randa, sun mutu. Fatar kwaɗo tana shan duk abin da ya taɓa ta, ta nan yake shan ruwa, har numfashi yana yi ta nan. Abin ya daɗe yana damuna. Da ƙwaron ya dawo a bana, sai na ce ba zan sake ba, na sayi kwalbar man darbejiya, wanda aka tatso daga ƙwallon 'ya'yan ba tare da an sa wuta ba.

Ku duba wannan kafin ku saya. Sinadarin da ke aiki a cikinsa, azadiraktin, zafi da hasken rana suna lalata shi, don haka man da aka dafa ko wanda ya sha rana a teburin mai saye da sayarwa ba lallai ya yi muku komai ba. Nawa ruwan ƙasa ne mai duhu, yana wari kamar tafarnuwa da ta haɗu da gyaɗa. Da sanyin hunturu yakan daskare a kwalba, sai na tsoma ta a ruwan ɗumi ya narke.

Haɗin da nake yi: ƙaramin cokali ɗaya, wato mililita 5, a litar ruwan ɗumi, da ɗigo uku zuwa huɗu na sabulun ruwa, don mai da ruwa ba sa haɗuwa sai da sabulu. Ana girgiza kwalbar feshin a kai a kai. Abin da aka haɗa a ranar za a ƙarar da shi, idan ya kwana ƙarfinsa ya tafi.

Wanda ya saba da maganin da ake fesawa ƙwaro ya faɗi nan take zai ce an cuce shi. Bayan feshin farko na duba washegari, fararen ƙwarin suna nan daram. Man darbejiya ba haka yake kisa ba. Maiƙon yana toshe ƙofofin numfashin waɗanda ya rufe, azadiraktin kuma yana hana su cin abinci, yana hana ƙananan yin saɓa, sai su kasa girma. Ƙwan da ke cikin audugar kuwa yawanci yakan tsira, ya ƙyanƙyashe bayan kwana goma ko kusa da haka. Shi ya sa na riƙa maimaitawa duk mako, sau huɗu a jere. Sai a mako na uku na fara ganin sabbin ganye suna fitowa tas, baƙin dattin nan da ke bin ruwan zaƙin da ƙwaron ke fitarwa ya daina yaɗuwa.

Shi kaɗai bai isa ba, gaskiya. Manyan da ke da kaurin auduga sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya da tsinken goge kunne da na tsoma a sifirit na kemis. Tukwane biyar kuma ƙwaron ya shige can cikin gawayi da ɓawon kwakwar da saiwa ke kama, inda feshi ba ya kaiwa. Waɗannan na juye su, na wanke saiwar, na zuba sabon gawayi. Sai kiyashi: su ke kiwon ƙwaron saboda zaƙin, suna ɗaukarsa daga tukunya zuwa tukunya. Na sa ƙafafun teburan cikin gwangwanayen ruwa, hanyarsu ta yanke.

Maganar dabbobin kuwa, wadda ita ce ta kai ni ga sayen man, kada kowa ya ɗauka tunda daga bishiya ya fito ba ya cutarwa. Yana iya illa ga kifi da 'ya'yan kwaɗi idan ya shiga ruwa, sabulun ma ba alheri ba ne ga fatar kwaɗo. Ban taɓa fesa man a cikin rumfar ba. Bayan la'asar nake fito da tukwanen ƙarƙashin bishiya, in duba kowacce ko wani ya laɓe a ciki, in fesa sama da ƙasan ganye, in bar su su bushe a kan tebur, da sassafe in mayar. Aiki ne mai cin lokaci, tukwane arba'in ba wasa ba. Amma wata uku ke nan ban ga gawar kwaɗo ko ɗaya ba, hawainiya tana nan kan ƙarfen rumfa, ƙoƙi-ƙoƙi har ta manna gidan ƙwanta a jikin wata Dendrobium.

Asarar da na yi guda biyu ce. Wata rana na fesa da hantsi, rana ta tarar da maiƙo a ganye, Phalaenopsis ɗaya ta ƙone, tabon yana nan har yau. Furen da ya buɗe kuma yana yin ɗigon ruwan ƙasa idan mai ya taɓa shi, don haka yanzu ina kare shi da takarda. Idan ruwan feshi ya taru a tsakiyar Phalaenopsis, a tsane shi da auduga, in ba haka ba zuciyar za ta ruɓe.

Tare da man na sayi takardun nan masu ruwan ɗorawa masu danƙo da ake ratayewa don kama ƙananan ƙwari masu tashi. Su kam ba na ba kowa shawara idan yana da ƙadangaru a rumfa. Kwana biyu da ratayawa na sami kulɓa a manne, tana ta haki. Da man gyaɗa na riƙa shafa gefen jikinta a hankali har ta saki, na kwashe takardun gaba ɗaya.

Kwalbar rabin lita da na saya ko kashi ɗaya cikin uku ban ci ba. Ina ajiye ta a cikin kwali, nesa da rana, kuma duk tukunyar da na sayo sabuwa sai ta yi mako uku a waje ina duba ƙasan ganyenta kafin ta shiga cikin 'yan uwanta.