Kafson da aka ce yana tsiro da sababbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa: abin da na gani cikin wata ɗaya

A ƙarshen damina na sayi roba biyu ta wani kafso a wani kanti da ke kusa da babbar kasuwar Garwa, kowace roba a kan sefa 9,000, saboda mahaifiyata ta fara mantuwa har takan tambaye ni sau uku a zama ɗaya ko na ci abinci. A jikin robar an rubuta da Faransanci cewa kafson yana farkar da ƙwayoyin da ke barci a ƙwaƙwalwa, su haifi sababbin ƙwayoyin jijiya. Mai kantin mutum ne mai fara'a, bai tsawwala mini ba, kuma ya nuna mini ranar ƙarewar wa'adin kayan tun kafin in tambaya. Da na nemi bayanin yadda abin yake aiki, sai ya ce, "Malam, ai ku ne masu karatu, mu abin da aka rubuta muke faɗa." Na ga gaskiyarsa, shi ya sa hukuncina a nan a kan kafson yake, ba a kan mai kantin ba.

Kafso 60 ne a roba, ana shan biyu a rana. Abin da ke ciki man kifi ne da garin ganyen wata bishiya da ake kira ginkgo da bitamin na rukunin B. Yana da girma, yana wuyar haɗiya ga tsohuwa, kuma zafin Garwa ya sa wasu suka manne da juna a ƙasan robar. Inna ta yi ta ƙorafin gyatsa mai ƙarnin kifi, takan ce da ni, "Kai dai ka sa ni cin kifin Binuwai ba tare da na tauna ba."

A matsayina na malamin ilimin halittu a makarantar sakandare, ba zan ce iƙirarin ƙarya ce tsagwaronta ba, domin akwai gaskiyar da aka jingina shi a kanta. An daɗe ana koyar da cewa ƙwaƙwalwar baligi ba ta samun sabuwar ƙwayar jijiya, har sai da Joseph Altman ya nuna akasin haka a jikin ɓeraye a shekarun 1960, sannan a 1998 Peter Eriksson da Fred Gage suka ba da rahoton ganin sababbin ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar manyan mutane, a sashen da ake kira hifokamfas, wanda ke da hannu a koyo da tuna abubuwa. Wani bincike da aka yi a Suwidin a 2013 ya ƙiyasta kimanin ƙwayoyi 700 a rana a kowane ɓangare na wannan sashe, amma a 2018 ƙungiyoyin masana biyu suka fitar da sakamako masu karo da juna, ɗaya ta ce da ƙyar ake ganinsu bayan ƙuruciya, ɗayar kuma ta ce suna nan har tsufa. Robar ba ta ambaci wannan saɓani ba ko da kalma ɗaya.

Babban kuskuren yana cikin kalmar farkarwa. Ƙwayoyin tushe da ke hifokamfas, wato waɗanda ke rabuwa su haifi sababbin ƙwayoyin jijiya, ba lalaci ne ya kwantar da su ba, maƙwabtansu ne suke aiko musu da saƙon su dakata. Saƙon da ake kira Notch yana wucewa ne idan ƙwaya ta taɓa ƙwaya, kuma aikinsa shi ne ya riƙe ƙwayar tushe a matsayinta, haka ma sinadarin BMP da na GABA, wanda wasu jijiyoyi na kusa ke saki, suna ƙara kwantar da ita. A ɗaya gefen akwai saƙon da ake kira Wnt, wanda ƙwayoyin da ke hidimar jijiyoyi suke fitarwa, yana tura ƙwayar ta rabu ta kama hanyar zama jijiya, daga baya wani sinadari mai suna BDNF ya taimaka wa jaririyar ta rayu ta miƙa rassa. Duk da haka da yawa daga cikin sababbin suna mutuwa cikin makonnin farko idan ba su sami gurbi a cikin aikin jijiyoyin da suka tarar ba. Lamarin ya yi kama da irin shuka da ke rumbu, wanda manomi mai hankali ba ya kwashe shi duka a ruwan farko. Da aka toshe saƙon Notch a jikin ɓeraye, ƙwayoyin tushen sun ruga suna rabuwa, sannan ajiyar ta ƙare. Haka kuma an san cewa idan Wnt ko saƙon da ake kira Shh ya wuce kima, yana da hannu a wani nau'in ciwon daji na ƙwaƙwalwar yara. Ke nan da a ce kafson yana yin abin da ya faɗa, da sai na fi jin tsoronsa.

Ga kuma shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, wanda ba kowane abu da aka haɗiya yake barin ya wuce ba. Game da ginkgo kuwa, an gwada shi a Amurka a kan tsofaffi sama da 3,000 na tsawon shekaru, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna bai hana ciwon mantuwa ba. Abin da aka fi samun hujja a kansa ba a sayar da shi a roba: a 1999 an nuna cewa ɓerayen da ke gudu a kan ƙafar juyi suna samun ƙarin sababbin ƙwayoyi sosai, yayin da sinadaran da jiki ke fitarwa lokacin doguwar damuwa suke rage su.

Inna ta shanye robar farko, ban ga wani canji ba, ƙanwata da ke kwana da ita ma ba ta gani ba. Da na kai ta asibiti, likita ya sa a dakatar da kafson nan take, domin tana shan asfirin, kuma haɗa shi da ginkgo yana iya jawo zubar jini, gargaɗin da babu shi a jikin robar. Ya auna hawan jininta, ya rubuta gwajin bitamin B12, wanda ƙarancinsa kan kawo mantuwa, ya kuma ce ta riƙa tattaki bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga. Ba zan ba kowa shawarar sayen wannan kafso ba, balle ga tsohon da ke kan wani magani. Roba ta biyu da ban buɗe ba na mayar wa mai kantin, ya ƙirgo mini kuɗina cif ba tare da musu ba, ya ce in gaishe da Hajiya, sannan ya mayar da robar kan kanta kusa da sauran.