Sakandaren Cata Ko Ta Unguwa: Wacce Za A Kai Yaro A Amurka?

Iyaye 'yan uwanmu mazauna Amurka sun yawaita tambayata: ƙaramar makarantar cata (charter school) mai haɗa karatun aji da na intanet, ko babbar sakandaren gwamnati ta unguwa?

Batun kuɗi babu bambanci, duka kyauta ne. Ita cata, da aka fara yi wa doka a jihar Minnesota a 1991, gwamnati ke ba ta kuɗi amma wata ƙungiya ke tafiyar da ita bisa yarjejeniya.

Wajen shiga ne hanya ta rabu. Ta unguwa galibi adireshinka ke ba ka gurbi. Cata kuwa gurabenta kaɗan ne, in masu nema sun yi yawa sai a jefa ƙuri'a. Ɗalibai kaɗan, malami ya san kowa da sunansa, amma ranakun karatun intanet a gida wa zai sa ido? Uba na tuƙin tasi, uwa na aikin dare, yaro na gaban kwamfuta shi kaɗai. Kuma in aka ƙi sabunta yarjejeniyar, rufe makarantar ake yi.

Yaro mai kamun kai da ke da mai kula da shi a gida, cata ta dace da shi. Sabon zuwa mai koyon Turanci, ko mai son wasanni da cuɗanya kullum, ta unguwa ta fi masa.