Horon likitan yara a Amurka: abin da za ka auna kafin ka jera asibitoci

Likitan da ya ci jarrabawar lasisin likita ta Amurka (USMLE), ya karɓi takardar shaidar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a waje, aka kuma kira shi ganawa a asibitoci biyar ko shida, zai zauna ya jera su daga wanda ya fi so zuwa na ƙarshe. A watan Maris tsarin Match, mai haɗa likitoci da asibitoci bisa jerin kowane ɓangare, ke fitar da sakamako, kuma duk asibitin da ya faɗo maka, can za ka, domin alkawari ne da ka riga ka sa wa hannu. Albashin masu neman ƙwarewa, wato likitocin da ke cikin horo, ba a yin cinikinsa. Kowane asibiti yana da jadawali ɗaya: ɗan shekarar farko a sashen yara da ɗan shekarar farko a sashen tiyata kuɗinsu ɗaya. Saboda haka duk lissafin da za ka yi, kafin miƙa jerin za ka yi shi.

Horon likitan yara shekara 3 ne. A yawancin asibitoci albashin shekarar farko yana tsakanin dala 60,000 da 75,000 kafin a cire haraji, manyan birane masu tsada kamar New York da San Francisco sukan wuce haka, sannan a ƙara dala dubu biyu ko uku kowace shekara. Shekarun da ka yi a wani asibitin koyarwa a gida galibi ba sa shiga wannan lissafi; ko ka kai babban rijistara, yawanci daga matakin farko za ka soma. Hukumar ACGME, mai sa ido kan horon likitoci, ta ƙayyade aiki kada ya wuce awa 80 a mako idan aka yi matsakaicin makonni 4, da hutun kwana ɗaya cikin bakwai. Ɗauki dala 68,000 ka raba da awa 70 a makonni 48, za ka ga kusan dala 20 ce kowace awa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne kallon babbar lambar da ke shafin asibiti. Bambancin dala 8,000 tsakanin asibitoci biyu bai kai dala 700 a wata ba, kuma kuɗin haya kaɗai yana iya cinye shi har ya nemi ƙari. Ɗaki ɗaya da falo a Boston ko Manhattan yana iya ninka na wani gari a Ohio. Jihohin Texas, Florida da Tennessee ba sa karɓar harajin albashi na jiha, alhali mazaunin birnin New York yana biyan na tarayya, na jiha, da na birni. Sai dai akwai juyin lamarin: a New York jirgin ƙasa ya wadatar da kai, a Texas kuwa sai da mota, da inshorarta, wadda ke yi wa baƙon da ba shi da tarihin tuƙi a ƙasar tsada. Wasu asibitocin manyan birane suna da gidajen ma'aikata a kan rahusa ko alawus ɗin gida. Ka tambaya ko kowa ke samu ko layi ake bi.

Biza ita ce ta fi raba zaɓin ga wanda ya fito daga waje, kuma tana taɓa aljihu ta hanyoyi da dama. J-1 ita ce gama-gari: ECFMG ke tsaya maka, sai ka kawo takardar bayanin buƙata daga ma'aikatar lafiya ta ƙasarka, kuma iyakarta shekara 7, wanda ya ishi horon farko da na zurfafa ƙwarewa. Mai J-1 ba ya biyan harajin FICA (na fansho da lafiyar tsofaffi) na kashi 7.65 a shekaru biyu na farko. A kan dala 68,000 hakan ya haura dala 430 a wata. Amma shekarar kalanda ake ƙirgawa, wanda ya sauka a watan Yuni wata bakwai ɗin nan sun zama masa shekara guda. Ofishin albashi yakan cire kuɗin bisa kuskure, don haka duba takardar albashinka ta farko. Mata ko mijin mai J-1 yana iya neman izinin aiki. A ɗaya ɓangaren, an hana mai J-1 aikin gefe don ƙarin kuɗi, kuma idan ya gama dole ya koma gida shekara 2, ko ya samu yafewa, misali ta shirin Conrad 30, inda zai yi shekara 3 a yankin da ke ƙarancin likitoci.

H-1B ba ta da sharaɗin komawa gida, shi ya sa ake rububinta. Sai ka ci mataki na 3 na USMLE kafin a nema maka, asibitoci kaɗan ne ke yarda, iyalinka galibi ba za su yi aiki ba, kuma iyakarta shekara 6. Horon farko 3, na gaba 3, ka cinye ta cif ba ragowa. Tun 2025 dokokin biza suke ta sauyawa, har da kuɗin dala 100,000 da aka ɗora wa sababbin takardun H-1B a watan Satumba na shekarar, don haka kada ka dogara da abin da wani ya faɗa maka bara. Nemi ofishin horo na asibitin ya rubuto maka abin da suke yi bana.

Inshorar lafiya ACGME ta wajabta wa asibiti ya samar, haka inshorar kariya daga ƙarar majiyyata. Inda ake rabuwa shi ne iyali. Wani asibitin kyauta ne gare ka da matarka da 'ya'ya, wani kuma zai riƙa cire ɗaruruwan daloli duk wata. Tambayi abu biyu: nawa ake cirewa a wata, da nawa za ka fara biya daga aljihunka kafin inshorar ta ɗauka. Ga mai shirin haihuwa wannan lamba ta biyu ta fi muhimmanci. Tun Yulin 2022 kowane mai neman ƙwarewa yana da haƙƙin hutun mako 6 da cikakken albashi, na haihuwa ko jinya ko kula da ɗan'uwa, aƙalla sau ɗaya a tsawon horo. Asibitocin da likitocinsu ke cikin ƙungiyar ƙwadago ta CIR suna da rubutacciyar yarjejeniya da kowa zai iya karantawa, abin da ke sauƙaƙa kwatantawa.

Ƙananan abubuwa su ne kuɗin abinci a ranakun kwana, wurin ajiye mota, lasisin horo, da kuɗin littattafai. Wanda ya fi nauyi a ciki shi ne jarrabawar hukumar likitocin yara ta ƙarshen horo, da ta haura dala 2,000. Wasu na biya, wasu ba sa biya. Gudummawar fansho ta 403(b) kuma a karanta sharaɗinta, domin a wasu wurare sai ka cika wasu shekaru kafin kason asibitin ya zama naka. Albashin farko yakan zo tsakiya ko ƙarshen Yuli, alhali tun Yuni mai gida ya karɓi hayar wata da kuɗin ajiya, don haka ka zo da guzurin wata biyu.

Zurfafa ƙwarewa kuwa, yawancin fannonin yara shekara 3 ne, ana biya a mataki na 4 zuwa na 6 na jadawalin albashi, kusan rabin abin da abokinka da ya fita aiki kai tsaye yake samu, ko ƙasa da haka. Binciken da mujallar Pediatrics ta buga a 2021 ya nuna cewa cikin fannoni 15, uku ne kawai ke mayar da wannan asara a tsawon rayuwar aiki: zuciya, kulawa ta musamman ta masu tsananin ciwo (ICU), da jarirai sabbin haihuwa. Ƙoda, cututtuka masu yaɗuwa da cututtukan sinadaran jiki (hormone) irin su ciwon sukari duk suna ƙasa da likitan yara na gama-gari, saboda yara da yawa Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ke biya musu, ita kuma biyanta ƙasa yake. Wanda ya yi shekarar shugabancin masu neman ƙwarewa ya tambaya tun kafin ya sa hannu ko za a ƙirga masa ita ya fara a mataki na 5, domin ba kowane asibiti ke yin haka ba.