Ina ya kamata manomi ya ajiye rarar kuɗin kaka: hatsi, turke, gwal ko Sukuk?

Daga watan Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da riɗi da zoɓo da wake suke fita kasuwa, kuɗi kan shigo hannun mutanen karkarar Kano da Jigawa fiye da kowane lokaci a shekara. Bayan an biya bashin taki, an fitar da zakka, an ware abincin gida da abin da za a shiga damina da shi, akwai magidantan da rarar dubu ɗari biyu ko biyar, wani ma miliyan ɗaya, takan saura a hannunsu. Barin wannan rara a ƙarƙashin katifa ba ajiya ba ce yanzu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, wato abin da aka saya naira dubu ɗari shekara guda kafin nan ya koma kusan dubu ɗari da talatin da biyar. Kafin wannan kuma mun ga canjin kuɗi na farkon 2023, inda masu tsabar kuɗi a gida suka kwana a layin banki, wasu suka karyar da dabbobinsu saboda takardar kuɗin da ke hannunsu ba ta karɓuwa.

Da abubuwa uku nake auna kowace hanyar ajiya: ko za ta riƙe darajar kuɗin, ko halal ce, da kuma wanda kuɗin suke hannunsa da inda za a same shi ranar da ake nemansa. Na ukun ya fi nauyi a wurina. Akwai shekarar da wani mutum ya karɓi kuɗin ƙungiyar matan garinmu da sunan zai saro taki ya raba riba da kaka, kuma kuɗin akuyoyin mahaifiyata suna ciki. Bai ba kowa rasit ba, shaida kawai ita ce an san mahaifinsa, har yau kuma ba a ga ko kwabo ba.

Sayen hatsi da kaka a ajiye zuwa bazara shi ne jarin da muka gada, kuma yana da fa'idar da sauran ba su da ita, domin ko farashi bai tashi ba, iyali za su ci. A 2023 da farkon 2024, bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira, duk wanda ya cika sito da masara ko gero ya samu riba mai yawa, wannan ya sa ma'aikata da 'yan kasuwar da ba su taɓa riƙe fartanya ba suka shigo harkar. Amma a watan Yuli na 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na kwana 150, amfanin gona kuma ya yi kyau, sai farashi ya yi ta sauka a Dawanau da kasuwannin ƙauye cikin 2025, har masu ajiya da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya. A ƙara da kuɗin buhu da dako da hayar sito da ɓarnar ƙwari, musamman ga wake idan ba a zuba shi a buhun nan mai leda biyu da ke hana iska shiga ba. Sannan malamai sun yi gargaɗi mai tsanani kan ɓoye abinci don jiran tsada alhali mutane suna cikin buƙata, saboda haka akwai iyakar da bai kamata mai tsoron Allah ya ƙetare ba.

Turke, wato sayen rago ko sa a ciyar da shi har Babbar Salla, sana'a ce mai kyau ga wanda yake da harawa da karan dawa na gonarsa da yaran da za su kula da dabbar. Wanda zai sayi dusa da harawa da kuɗinsa kuwa ya yi lissafi sosai, domin a 'yan shekarun nan Sallar tana faɗowa ne tsakanin ƙarshen rani da farkon damina, lokacin da abincin dabba ya fi tsada. Farashin da za ka samu a Wudil ranar Juma'a ko a Maigatari ranar Alhamis ba a hannunka yake ba, kamar yadda rufe iyakar Nijar a 2023 ya nuna wa masu harkar, ga kuma cuta da ɓarayin shanu.

Sauran hanyoyin ba zan daɗe a kansu ba. Dala ta haura kusan naira 1,900 a kasuwar bayan fage a Fabrairu na 2024, ta sauko kusa da 1,100 a Afrilu, don haka wanda ya je Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, a makare ya ji jiki. Gwal yana riƙe daraja, sai dai tazarar da ke tsakanin kuɗin saye da na sayarwa tana cin ribar, kuma mutumin ƙauye ba shi da abin gwada na gaske da wanda aka yi wa wanka. Adashi horo ne na tara kuɗi, ba ya ƙara komai a kan abin da ka zuba. Takardar lamunin gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, wadda ake shiga da naira 5,000, kuɗin ruwa take biya, wannan ya isa ya fitar da ita a wurin mafi yawanmu. Hannun jarin kamfanoni kuwa yana buƙatar karatu da bibiya, kuma waɗanda suka sayi na bankuna kafin rushewar kasuwa a 2008 ba su manta ba.

Abin da na fi natsuwa da shi, ga kuɗin da mutum ba zai buƙata nan kusa ba, shi ne Sukuk na gwamnatin tarayya. Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, DMO, ne yake fitar da shi, kuma ya fara ne a watan Satumba na 2017 da naira biliyan 100 na tsawon shekara 7, a kan kashi 16.47 cikin ɗari a shekara. Tsarinsa na ijara ne: kuɗin da jama'a suka zuba ana gina hanyoyi da su, masu zuba kuɗin su ne masu mallakar amfanin hanyar gwargwadon rabonsu, gwamnati kuma tana biyansu kuɗin haya duk wata shida, idan wa'adi ya cika ta saye kadarar ta mayar wa kowa da uwar kuɗinsa. Majalisar ƙwararru da ke ba Babban Bankin Najeriya shawara kan hada-hadar kuɗi ta Musulunci ita ce take tantance shi kafin a fitar. Wani abin da ke ƙara mini natsuwa shi ne kadarar a gabanmu take, domin hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta bi ta Wudil da Shuwarin, da hanyar Kano zuwa Katsina, suna cikin ayyukan da kuɗin Sukuk suka shiga, kuma matafiya sun sha ganin allunan da ke ɗauke da sunan a bakin titi.

Ba sai attajiri ba ne zai shiga, tun da mafi ƙarancin abin da ake karɓa naira 10,000 ne, daga nan a riƙa ƙarawa dubu-dubu. Wanda aka fitar a watan Mayu na 2025 na naira biliyan 300 ne, na shekara 7, a kan kashi 19.75. Ma'ana, manomin da ya sa naira 500,000 zai riƙa karɓar 49,375 duk wata shida, wato 98,750 a shekara, kai tsaye cikin asusunsa na banki, ba ƙwaro, ba dako, ba gadi, kuɗinsa na asali kuma suna nan a rubuce da sunansa. Yana da nasa rauni, kuma wajibi ne in faɗe shi. A shekara irin 2024 kuɗin hayar bai kamo hauhawar farashi ba, sai dai ya rage asarar, ko da yake idan hauhawar ta sauka shi yana nan a kan adadin da aka yanka tun farko, a nan ne mai haƙuri yake cin moriya. Ba kullum ake buɗe sayarwa ba, kuma idan an buɗe kwanaki kaɗan ne. Wanda kuma lalura ta kama shi kafin wa'adi zai iya sayarwa ta hannun dillalin hannun jari, amma a farashin ranar, wanda zai iya zama ƙasa da abin da ya biya. Shi ya sa ban yarda a sa kuɗin taki ko na asibiti a ciki ba.

Duk wannan kwatanci ba shi da amfani idan kuɗin suka faɗa hannun 'yan damfara tun kafin a kai ga zaɓi, kuma a yau sun fi kowane dillalin gaskiya kusa da mu, domin suna cikin wayar kowane matashi. MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet, ta yi alkawarin kashi 30 a wata, ta rufe asusun mutane a Disamba na 2016, kuma hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta ce 'yan Najeriya kusan miliyan uku sun yi asarar kimanin naira biliyan 18. CBEX, wata irinta, ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta ruguje a Afrilu na 2025, mutane suka fasa ofishinta a Ibadan don baƙin ciki. Lissafi kaɗai ya isa ya tona asirinsu: naira 10,000 da ake ninkawa kowane wata za ta haura miliyan 40 a shekara guda, kuma wanda yake da irin wannan sana'a ba zai zo ƙauye neman kuɗin akuyar tsohuwa ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da suke yi shi ne biyan na farko da kuɗin na baya, shi ya sa suke matsa maka ka kawo mutum uku, shi ya sa kuma wanda ya jawo ka yakan kasance ɗan'uwa ne ko aboki da ya ga alat da idonsa, yana rantsuwa da gaskiyarsa.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne masu fakewa da addini. Za su kira abin nasu mudaraba ko musharaka, wato haɗin gwiwar kasuwanci irin na Musulunci, su buɗe taro da addu'a, su ɗauki hoto da malami, sannan su yanka maka riba tabbatacciya ta kashi 20 a wata. A mudaraba ta gaskiya ana raba ribar da aka samu ne bisa kason da aka amince, kuma mai kuɗi yana iya yin asara, saboda haka duk wanda ya lamunce maka adadi a kasuwancin shinkafa ko kaji ko kirifto ya saɓa wa sunan da ya ara. Za su kuma nuna maka takardar rajistar kamfani ta CAC, wani lokaci har da wata takarda mai tambarin EFCC, alhali babu ɗaya cikinsu da ke ba da izinin karɓar jarin jama'a. Wannan izini na hukumar kula da kasuwar hannun jari ne, wato SEC, kuma tana da jerin sunayen kamfanonin da ta yi wa rajista a shafinta na intanet, wanda duk ɗalibin sakandare zai iya duba maka. Dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Maris na 2025 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu irin wannan harka, amma ɗaure su ba ya dawo da kuɗin da aka riga aka cinye.

Shi kansa Sukuk ana iya damfara da sunansa. Ba a sayensa a hannun mai POS, ba a tura kuɗinsa asusun wani mutum, ba a shiga ta wani zauren WhatsApp. Idan DMO ya sanar da buɗe sayarwa, yakan bayyana sunayen bankuna da dillalan da aka amince su karɓi kuɗi, sai mutum ya je reshen banki da ƙafarsa a Kano ko Dutse ko Haɗejiya, ko na bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa irin su Jaiz da TAJ, ya tambaya ko suna cikin masu karɓa. Ya tafi da lambar BVN da katin shaidar ɗan ƙasa, ya cike takardar da sunansa kamar yadda yake a asusunsa, ya karɓi rasit, sannan ya nemi a buɗe masa asusun CSCS inda ake rubuta mallakar. Wanda bai iya karatun boko ba ya je da ɗansa ko ƙanensa a karanta masa kafin ya dangwala hannu, ya kuma sanar da iyalinsa inda takardun suke da sunan dillalin, domin magada ba za su iya neman abin da ba su san da shi ba.