Corolla 2005 ko Honda EOD, wacce zan saya?

Ɗan'uwa da ka tambaya a tsakanin Corolla ta 2003 zuwa 2008 da Honda Accord wadda ake ce wa EOD wacce za ka ɗauka, tunda kuɗin ba yawa kuma motarka ta farko ce, ni dai Corolla zan ce maka wallahi.

EOD ta fi kyau, ta fi faɗi, a titin Zariya na Kano in ka taka ta sai ka ji kamar a falo kake, kuma a wajen dillalai kusan kullum ta fi Corolla araha. To amma arahar nan da dalili. Ƙafarta ba ta son rami, bol join ɗinta, wato mahaɗin da ke riƙe tayar gaba, in ya ci ba a canza ba sai ka ga taya ta lanƙwashe ta shige ciki a tsakiyar titi, duk mai bin hanyoyin cikin unguwa da damina ya taɓa ganin irinta a gefe an kewaye ta. Sai giya, musamman mai fulogi 6, ba ta yarda da kowane man giya sai nata na Honda, kuma yawancin na hannu da za ka gani an riga an zuba musu abin da aka samu. Mai fulogi 6 ɗin injin 3.0 ne, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ai ba na mai lissafin albashi ba ne. In dai Honda ranka ke so to nemi mai fulogi 4, injin 2.4.

Corolla kuwa injin 1.8 ne, sarƙar taimin gare shi ba bel ba, mai kaɗan take sha, kayanta an zube su a kasuwar Ƙofar Ruwa sabo da na Balgiyam, kuma ba bakaniken da zai buɗe bonet a garejin Kwakwaci ya tsaya yana sosa ƙeya. Ranar da ka matsu ka sa ta kasuwa ba ta kwana. Illarta tsada, ciki ba yalwa sosai, sannan ɓarayi na sonta, ka sa mata tiraka, na'urar da ke nuna inda mota take.

Amma don Allah kar sunan ya ruɗe ka, akwai Corollar da ta sha kabu-kabu an yi mata fenti kawai. Ka je da bakanikenka, ba na dillali ba, da safe kafin a tayar da ita, in an tayar ka tsaya bayan salansa ka ga ko tana hayaƙi, ka buɗe murfin baƙin mai ka duba ko ya yi kauri ya daskare. Ku kunna esi ku shiga cunkoson Kurna da rana tsaka ka ga ko allurar zafi za ta hau.

Takardar kwastan kuma a haɗa ta da lambar shasi a tantance kafin ka biya ko sisi, a yi canjin suna da shaidu, sannan ka rage wani abu a aljihu na tayoyi da batir da juyen mai.